Ɗan Wasan Gaba a Ƙaramin Rukuni: Yadda Ake Gina Sana'ar Mataki-Mataki

Dokokin FIFA na rajista da sauyin 'yan wasa mutum biyu kaɗai suka sani: ƙwararre da mai wasan sha'awa. Ƙwararre shi ne wanda yake da rubutaccen kwantiragi da ƙungiya, kuma abin da ake biyansa ya zarce abin da yake kashewa a kan wasan. Duk wanda bai cika wannan ba, mai sha'awa ne. Amma filayen ƙananan rukunoni cike suke da mutanen da rayuwarsu ta faɗa tsakani: suna karɓar ɗan abin da ƙungiya ta iya, suna zuwa atisaye da yamma sau biyu ko uku a mako, da safe kuma su tafi wajen aikin da yake ciyar da su. Idan kana cikinsu, kuma gaba kake bugawa, da kai nake magana.

Masu baiwa a wannan matakin suna da yawa, har sun fi guraben da ake da su. Abin da yake raba 'yan gaba a nan shi ne wanda ake samu: lafiyarsa ƙalau ranar wasa, sunansa yana cikin rajista yadda ya kamata, kuma idan ƙwallo ta faɗo gaban raga a minti na 85 tana tarar da shi a wurin. Duk matakan da ke ƙasa hidimar wannan suke yi.

Fara da tsara makonka

Kafin ka yi maganar ƙungiya, ɗauki takarda ka rubuta kwana bakwai na mako, ka cike sa'o'in aiki, na tafiya, na atisaye, na barci. Idan barci bai kai awa bakwai ba a yawancin dararen, tsarin bai yi ba, sake shi. Jiki yana buƙatar awa 48 zuwa 72 kafin ya dawo daidai bayan wasa na minti 90, kuma wanda aikinsa na tsayuwa ne ko ɗaukar kaya yana biyan wannan bashin a hankali fiye da mai zama a ofis.

Ka sami mai gidanka na wajen aiki tun kafin a fara kaka, ka ba shi jadawalin wasanni gaba ɗaya, musamman na waje da na tsakiyar mako. Neman izini sau ɗaya a kan tsari ya fi roƙo kowane mako. Kuma kada ka ajiye aikin. Jamie Vardy yana aiki a masana'antar haɗa kayan tallafa wa masu karaya lokacin da yake buga wa Stocksbridge Park Steels. Charlie Austin birkila ne lokacin da yake ci wa Poole Town ƙwallaye. Miroslav Klose, wanda ya kafa tarihin ƙwallo 16 a gasar cin kofin duniya, sai da ya koyi kafinta yana wasa a ƙaramar ƙungiyar ƙauye a Jamus. Ɗan wasan da cikinsa bai dogara da alawus ɗin ƙungiya ba shi ne yake iya ƙin tayin banza, yake iya hutar da ƙafa idan ta ji ciwo, yake kuma iya kallon mai son saye shi da kuɗin haram ya ce a'a.

Zaɓi inda za ka buga, ba inda za ka zauna ba

Kuskuren da ya fi cinye shekarun 'yan gaba shi ne hawa rukunin da ya fi ƙarfinsu don sunan, su ƙare a benci suna shiga minti goma. Ba a koyon cin ƙwallo a minti goma. Ƙwallo 20 a rukuni na ƙasa sun fi ƙwallo uku a na sama amfani, ga koyo da kuma ga masu kallo daga nesa, domin adadi ne yake fara jawo ido kafin kowa ya zo ya gan ka.

Je ka kalli ƙungiyar sau biyu kafin ka amsa. Kada ka bi ƙwallo da ido; kalli yadda take isa gaba. Suna da 'yan gefe masu kwaso ta cikin da'irar gaban raga? To mai tsalle da iya sa kai zai ci abinci a nan. Ɗan tsakiyarsu yana ɗaga kai ya tsaga ta tsakanin 'yan baya? Wannan gidan mai gudu ne. Idan kuwa gola ne yake narka ta sama kowane lokaci, ɗan gaba ɗaya yana kokawa da mutum biyu, ka tambayi kanka da gaske ko jikinka na wannan aikin ne. Sannan ka sami tsofaffin 'yan wasansu biyu ka yi musu tambaya guda: ana biya a kan lokaci?

Takarda

Wannan sashen ba shi da daɗi, amma a nan ake cutar mutane. Kafin ka buga wasa ko ɗaya, ka san matsayinka: mai kwantiragi ne kai ko marar kwantiragi. Kowanne yana da riba. Mai kwantiragi yana da tabbacin biya har ƙarshen wa'adi, amma ba ya tafiya sai ƙungiya ta yarda, sau da yawa sai an biya ta. Marar kwantiragi yana da 'yancin motsi, amma ana iya sallamarsa gobe ba ko sisi. A Ingila, alal misali, ƙungiyar da take son ɗan wasa marar kwantiragi dole ta rubuta wa ƙungiyarsa sanarwar kwana bakwai kafin ta yi masa magana. Kowace ƙasa da nata tsarin, don haka ka nemi kundin dokokin gasarku ka karanta sashen rajista da kanka.

Idan kwantiragi ne, waɗannan su fito a rubuce: adadin kuɗi da ranar biya, ko ana biya lokacin hutun kaka ko makonnin wasa kaɗai, ladan cin ƙwallo da na nasara, kuɗin mota, wanda zai ɗauki nauyin magani idan ka ji rauni, da ko albashi zai ci gaba a lokacin. Ka roƙi a sa sharaɗin cewa idan ƙungiya ta rukunin sama ta zo da tayin da ya kai adadi kaza, za a sake ka. Shekara ɗaya ta isa a karon farko. Karɓi kwafinka mai sa hannun ɓangarorin biyu kafin ka bar ɗakin, ba “za mu aiko maka” ba. Alƙawarin da shugaban ƙungiya ya yi maka da baki a bakin fili, komai kyan zuciyarsa, yana tafiya tare da shi ranar da ya sauka.

Jiki

Ƙwararre yana da likitoci da masu tausa da na'urori. Kai kana da kanka, sai ƙila mutum ɗaya mai jakar taimakon gaggawa. Saboda haka rigakafi ya zama aikinka. Raunin da ya fi bin ɗan gaba shi ne tsagewar tsokar bayan cinya, domin ita ke ɗaukar nauyi lokacin gudun ƙarshe, sai ciwon matsematsi, sai gurɗewar idon sawu. Akwai motsa jiki uku da bincike ya tabbatar da amfaninsu, kuma babu wanda yake buƙatar kuɗi.

Na farko tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20, aƙalla sau biyu a mako. Ƙungiyoyin da suka lizimce shi raunukansu sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na biyu wanda ake kira Nordic: ka durƙusa a kan gwiwa, abokinka ya danne maka duga-dugai, ka riƙa sunkuyowa gaba a hankali jikinka a miƙe, kana riƙe kanka da bayan cinya har sai ka kasa, ka tare da hannu. Yana rage tsagewar wannan tsokar da kusan rabi. Fara da biyar sau biyu, ka ƙara a hankali cikin makonni, kuma kada ka yi shi jajibirin wasa domin yana sa tsami. Na uku na Copenhagen ne, na matsematsi: ka kwanta a gefe ka dogara da gwiwar hannu, abokinka ya riƙe ƙafarka ta sama, ka ɗaga ƙugu da ƙafar ƙasa har ƙafafun biyu su haɗu. A kan 'yan wasa irinka aka gwada shi a Norway, matsalar ta ragu da wajen kashi 40 cikin 100.

Ƙara da wannan: sau ɗaya a tsakiyar mako ka yi gudu na iya ƙarfinka, mita 30 zuwa 40, sau huɗu zuwa shida, da cikakken hutu a tsakani. Tsokar da ba ta saba da cikakken gudu ba ita ce take tsagewa ranar da aka neme shi a wajenta. Ci babban abincinka awa uku zuwa huɗu kafin wasa, ka fara shan ruwa tun daren jajibirin wasa.

Bugun kai kuwa ba a wasa da shi. Idan kuka yi karo ka ji jiri, ko gani ya dushe, ko ka rasa inda kake ko da na daƙiƙa kaɗan, fita, ko koci ya so ko bai so ba. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar wa wasannin ƙananan matakai a 2023 ta ce kada a koma gasa kafin kwana 21.

Aikin cin ƙwallo

Yanzu ga ainihin sana'ar. Raga faɗinta mita 7.32 ne, tsawonta 2.44, kuma wajen takwas cikin kowace ƙwallo goma da ake ci daga cikin da'irar mita 16.5 ake buga su. Bugu daga wajen da'ira, ko a tsakanin ƙwararru, ba ya shiga ko sau ɗaya cikin ashirin. To me ya sa matasa suke ƙarar da lokacinsu bayan atisaye suna narka ƙwallo daga mita 25? Domin tana da daɗin kallo idan ta shiga. Abincinka yana tsakanin ɗigon fenariti da layin raga, a tsakanin turakun nan biyu. A nan za ka zuba lokacinka.

Fara da motsi, domin ƙwallo ta fi shiga saboda inda ka tsaya fiye da yadda ka buga. Ɗan baya ba zai iya kallon ƙwallo da kai a lokaci guda ba idan ka tsaya a bayan kafaɗarsa, a ɓangaren da ya juya wa baya. Zauna a nan. Da zarar ya juya kai ya nemi ƙwallo, ka motsa. Ka saba da motsi biyu: na farko nasa, na biyu naka. Taka biyu kamar za ka turken nesa, ya biyo ka, sai ka yanko gabansa zuwa turken kusa. Ko ka sauko kamar za ka karɓa a ƙafa, ya matso, ka juya ka bi bayansa. Kuma ka koyi jinkiri. Yawancin matasa suna isa wurin da wuri, su tsaya cak, ɗan baya ya rungume su. Gara ka iso a guje daidai lokacin da ƙwallo take isowa.

Satar gida tana buƙatar ilmi, ba sa'a ba. Idan kana daidai da ɗan baya na ƙarshe ba ka yi satar gida ba. Hannu ba ya cikin lissafi, amma kai da jiki da ƙafa suna ciki. Babu satar gida daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola daga gida, haka kuma idan kana rabin filinku lokacin da aka bugo. Jifa musamman 'yan baya suna yawan mantawa da ita. Ka yi yarjejeniya da mai jifanku. Lanƙwasa gudunka: bi layin 'yan baya a kwance, ka tara sauri, sannan ka karya ciki lokacin da ƙafar mai bayarwa ta taɓa ƙwallo. A rukuninku babu na'urar bidiyo, mai tuta kuma mutum ne da ido biyu, wani lokaci ma a bayan wasa yake. Ka bar masa rabin taku na tabbaci. Ka kuma daina yi masa ihu. Zai sake ɗaga tuta a kanka cikin minti goma, kuma yana tuna fuska.

Sai bugun kansa. Ƙasa da kusurwa. Gola ya fi saurin kai hannu sama fiye da kai shi ƙasa kusa da ƙafarsa. Idan ka shigo daga gefe, buga ta tsallake shi zuwa turken nesa. Ko ya tare, tana faɗowa gaban abokinka. Yawancin damar cikin da'ira taɓawa ɗaya ce ko biyu, don haka atisayenka ya zama haka: wani yana turo maka daga gefe, daga baya, a ƙasa, a sama, mai tsalle-tsalle, kana gamawa ba tare da tsayar da ita ba. Minti 15 bayan kowane atisaye, kashi ɗaya cikin uku da ƙafar da ba ka saba ba. Ka yi shi a gajiye, domin a gajiye damar take zuwa.

Filin ƙaramin rukuni ba shimfiɗa ba ne. Yana da rami, yana da tudu, da damina taɓo, da rani tauri. Wannan abokinka ne idan ka gane. Gola yana ɓarin ƙwallo a irin filin nan fiye da yadda kake gani a talabijin, ɗan baya yana kuskuren shara. Duk bugun da abokinka ya yi, bi shi har raga kamar ka san za a ɓarar. Sau tara za ka yi gudun banza, na goma ka tura ta da tafin ƙafa daga mita biyu, kuma a teburin masu cin ƙwallo darajarta ɗaya da ta wanda ya yanke mutum huɗu. Ni a ganina ɗan gaban da yake ƙyamar irin wannan ƙwallon bai fahimci aikinsa ba tukuna.

Kada ka manta da wasan da ake yi da baya ga raga. Ƙungiyarku za ta sha matsi, a narko maka ita sama kai kaɗai. Sa jikinka tsakanin ɗan baya da ƙwallo, ka sauke ƙugu, ka ji shi da hannu ba tare da riƙe riga ba, ka ajiye wa ɗan tsakiya, ka juya ka ruga. Idan ba ka iya cin ta da ka ba, hana shi shararta da kyau ma aiki ne. Koci yana barin ɗan gaban da yake riƙe ƙwallo yana kuma matsa wa 'yan baya a fili ko da ya yi wasa biyar bai ci ba.

Fenariti: kusan uku cikin huɗu suna shiga. Nemi a ba ka, ka zaɓi kusurwarka tun kafin ka ajiye ƙwallo, kada ka canza a hanya.

Idan raga ta rufe

Za ta rufe, kowa tana rufe masa. Kada ka ƙirga ƙwallaye a lokacin, ƙirga damarmaki. Idan kana samun biyu ko uku masu kyau a kowane wasa kana ɓararwa, ci gaba da zuwa wuraren nan, za ta buɗe. Idan damar ce ta daina zuwa, matsalar motsi ce, kuma yawanci saboda ka fara saukowa tsakiya neman taɓa ƙwallo don ka ji kana cikin wasa. Koma cikin da'ira.

Yadda ake hawa

Riƙe littafi: kowane wasa, minti nawa ka buga, ƙwallo nawa, da wace ƙafa, daga ina, da wa. Sa wani ya ɗauki wasanninku da waya daga wuri mai tudu, a kwance, ba tare da jawo hoto kusa ba. Haɗa bidiyon minti uku zuwa huɗu, mafi kyau a farko, har da motsinka kafin ƙwallo ta iso, kuma ka ajiye cikakken wasa biyu, domin mai nema na gaske zai tambaya. Wasannin kofi da manyan ƙungiyoyi su ne ranar kasuwarka. Masu farautar 'yan wasa suna kallon abin da kake yi bayan ka ɓarar, da yadda kake ɗumama jiki, suna kuma kiran tsohon kocinka su tambayi halinka.

Hawan yana zuwa ne daki-daki. Sheffield Wednesday ta sallami Vardy yana ɗan shekara 16. Daga Stocksbridge ya koma Halifax a 2010, Fleetwood a 2011 inda ya ci ƙwallo 31 a rukuni na biyar, sannan Leicester ta saye shi fam miliyan 1 a 2012 yana da shekara 25, ya ɗauki kofin Firimiya a 2016. Ian Wright ya kusa cika 22 kafin Crystal Palace ta ɗauke shi a 1985. Kevin Phillips a matsayin ɗan baya Southampton ta sallame shi. A Baldock Town aka mayar da shi gaba, ya zo ya ci 30 a Firimiya a kakar 1999 zuwa 2000. Ƙofa ba ta rufewa a shekara 18. Amma ana tuna sunayen nan ne domin ba su da yawa, kuma ba na so ka jingina rayuwar iyalinka a kansu. Idan tayin zama cikakken ƙwararre ya zo, auna albashin da abin da kake samu daga aiki da ƙwallo a haɗe; ba kullum yake fin su ba. Nemi shekara biyu, ka rabu da wajen aikinka lafiya.

Wakili kuma: na gaske daga cinikin da ya ƙulla yake samun rabonsa, ba ya karɓar kuɗin gwaji ko na biza daga hannunka tun kafin komai. Tambayi lasisinsa. Idan ya nuna maka takardar gayyata daga wata ƙungiya a ƙasar waje, tuntuɓi ƙungiyar ta adireshin da yake shafinta, ba lambar da ya ba ka ba. Kada ka miƙa fasfonka ga kowa. Idan ba ka kai 18 ba, dokar FIFA ta hana sauyi zuwa wata ƙasa sai a 'yan yanayi ƙalilan, don haka mai yi maka wannan alƙawarin ka yi hattara da shi.

Masu sayen wasa sun fi son ƙananan rukunoni, inda albashi yake ƙarami kuma kyamara ba ta da yawa. Da abu kaɗan suke farawa: katin gargaɗi ɗaya, jifa ɗaya a minti na farko. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya shiga hannunsu. Ƙi, ka kai rahoto ga hukumar ƙwallonku a ranar, domin yin shiru kansa laifi ne a dokokin ladabtarwa. Caca ma haka: tun 2014 hukumar Ingila ta hana 'yan wasa daga Firimiya har rukuni na takwas yin caca a kan kowane wasan ƙwallo a ko'ina a duniya. Duba dokar taku, amma mafi sauƙi ka bar ta gaba ɗaya.

Bayan talatin

Gudu zai fara raguwa, sanin wuri kuma yana ƙaruwa, shi ya sa 'yan gaba da yawa a ƙananan rukunoni suke ci gaba da ci har tsakiyar shekarunsu na talatin. Rage gudun banza, ka ƙara wasa da baya ga raga, ka nemi koci ya haɗa ka da yaro mai sauri da zai riƙa bin bayanka. Yi masa magana a rage maka atisaye ɗaya a makon da kuke da wasa biyu. Ɗumama jiki da ƙarfafa cinya kuwa sai dai ka ƙara. Idan benci ya fara yawa, sauka rukuni ɗaya inda za ka buga minti 90.

Fara kwas ɗin koci na matakin farko tun kana wasa, lokacin da kake da ƙungiyar da za ka gwada abin da ka koya da mutanen da za su tsaya maka. Ƙananan ƙungiyoyi kaɗan ne suke da mai koyar da 'yan gaba na musamman, don haka ka tambayi kocinku ya ba ka matasan 'yan gaba na minti 20 bayan atisaye sau ɗaya a mako, ka fara da motsi biyu da gudun turken kusa.